Kwana Bakwai a Cikin Yashin Wani

Kafin in cika shekara ashirin na bar makaranta, na bar garejin babura, na bar aikin kwandastan bas ɗin garin Shoranur. Babana ya gaji, ya ce da an gama bikin Vishu na sabuwar shekara zai tura ni birnin Coimbatore wurin ƙanensa mai shagon taya. Ni kuwa aikin kakata Kalyani nake so, wadda duk ƙauyenmu ke kawo wa yara da tsofaffi idan ciki ya cushe.

"Kaka, ki koya mini kawai," na ce mata.

"Kai da ko shayi ba ka bari ya huce?" Ta nuna itacen konna na bayan gida da haɓarta. Ya cika da fure ruwan ɗorawa, kowa na hanƙoron tsinka don biki, amma ita kwansunan bara take kallo, dogaye baƙaƙe kamar sanduna. "Ka tsinko waɗanda ke ƙara in an girgiza. Ka binne su a busasshen yashi kwana bakwai. Ba tonawa, ba leƙawa, ba sauya wuri. In sun kai, ni zan yi magana da ubanka."

Ban bari ta rufe baki ba na haye itacen. Kwanso arba'in na sauko da su.

Gidanmu babu yashi, kogi kuma da nisa. Amma maƙwabcinmu Sasidharan, wanda ke aiki can birnin Muscat, ya fara ginin bene, tifa ta juye masa tsibin yashi wata biyu da suka wuce, aikin kuma ya tsaya. Na tona gefen da ke kallon rijiya, na jera kwansuna, na rufe. Ina ta yabon kaina a kan dabara.

Kwana biyar na farko, sau goma nake zagaya wurin a yini. Na kori karnuka, na kori yara masu wasa. Hannuna har ƙaiƙayi yake in tona, sai in cusa shi a aljihu in ruga filin ƙwallo.

Ran kwana na shida da safe ina cin tuwon shinkafa sai na ji ƙarar injin kwaɓa siminti. Na yar da kwanon na fita da gudu ba takalmi. Leburori huɗu sun riga sun kafa shebur a tsibin, shugabansu Velayudhan, wani gajeren birkila mai ƙaton ciki, yana tsaye yana ba da umarni. Ban san lokacin da na haye kan yashin na zauna daram ba.

"Kai jikan Kalyani, ƙwai ka saka a nan?" ya ce. Leburori suka kwashe da dariya.

"Yaya Velayudhan, konna ce a ƙarƙashina. Saura kwana ɗaya."

"To tone abinka ka kai gaba. Yau za mu zuba simintin rufin bene."

"In na tone, Coimbatore zan tafi gyaran taya."

Ya sosa ƙeya, ya dube ni, ya dubi injin. "Tsohuwar ce ta sa ka?"

"Ita ce."

Ya matso, ya rage murya. "Yau kwanana huɗu ban zaga ba. Gurasar porota da naman sa sun tsaya mini a nan kamar bulo." Ya dafa cikinsa. Sannan ya ɗaga murya don yaransa su ji. "Za mu ɗiba daga wancan gefen. Amma ya yi wa injin nisa, mutanena kuma ba za su yi zagaye saboda kai ba. Kai za ka ɗauko."

Na ɗora kwanon yashi a ka. Tun ina ƙirgawa har na daina. Rana ta take, wuyana ya sage, leburori suna ta kirana "likita, yi sauri". Tsibin yana raguwa yana matsowa wajen kwansuna. Da la'asar aka kashe injin, saura taku biyu a isa gare su. Na juya sai ga Kaka a bakin shinge, babana a bayanta da lemarsa. Daga nan suka koma gida.

Washegari na tone su a gabanta. Ta sa na shanya su a rana har suka yi zafi, sannan ta ƙwanƙwasa ɗaya da dutse ya tsage. Ga ɗakuna-ɗakuna a jere, kowanne da ƙwallonsa, tsakaninsu baƙin ɓargo mai danƙo da ƙamshi mai nauyi. Ta lakato ta ɗanɗana, ta daɗe tana tauna.

"A yashin mutane," ta ce. "Wawa. Amma sun kai."

Ta miƙo mini 'yar wuƙarta ta kankara, wadda ko mahaifiyata ba ta taɓa riƙewa ba. Na kankare ɓargon cikin tulu. Ta auna ɗan kaɗan a tafina, ta ce in dama a madara mai ɗumi in kai wa Velayudhan.

"Wannan ɗan mitsitsin? Kin ga cikinsa kuwa? Bari in ƙara."

Ta make mini hannu. "Ƙara ka gani ko benen zai tashi a makon nan, birkila na can makewayi. Awo shi ne darasin gobe."

Babana yana zaune a baranda da jarida. Bai ɗago ba ya ce, "In ka dawo ka kira baffanka, ka ce ya nemi wani yaron shagon."

Na fita da kofin a hannu biyu. Ƙafafuna na son gudu, amma a hankali na taka har wurin ginin, ko ɗigo bai zube ba.