Nauyin Amarya

Bakanike ya ɗaure noti na ƙarshe, ya yar da sifana, ya haye bayan tsohon babur ɗin mai taya huɗu ya yi tsalle sau biyu. Ko gezau.

"Ka gani? Na cire maka gajiyayyun sifirin nan, na sa na ƙaramar mota. Yanzu ko giwa ka ɗora ba zai durƙusa ba." Ya goge hannu da tsumma. "Sai dai ka ji, Mai Dutse. In babu kaya zai riƙa harbinka kamar jaki. Ƙarfen nan sai ya ji nauyi yake laushi."

"Ni da yawo babu kaya? Allah ya kiyaye," in ji Mai Dutse yana dariya.

Shekara shida yana jigilar dutse daga inda ake fasa shi zuwa wurin maginan gari. Yanzu so yake ya ninka lodi, domin a kowane sawu ya ware nasa, ya gina wa matarsa ɗaki mai taga. Iyakar abin da ta taɓa roƙonsa ke nan tun da aka kawo ta: taga. Shekara tara da aure, har yau Amarya yake kiranta. Kwana goma sha biyu da suka wuce aka yi mata aiki aka ciro 'yarsu ta fari, tun daga nan take kwance a ɗakin nan mai duhu, kullum tana ƙara ramewa.

A ƙofar gida ya tarar da yayarta, jaririya a kafaɗa, ido ya yi ja.

"Ina ka shige tun safe? Ɗinkin ya buɗe. Zane na uku ke nan na canja mata."

Mota ba ta hawowa unguwarsu. Tsakaninsu da kwalta hanya ce ta ramuka da tsakuwa, babur ɗin kaɗai ke iya mata. Ya shimfiɗa katifa a kan mazaunin kaya, ya shiga ya ɗauko ta. Buhun siminti ma ya fi ta nauyi.

"Ku yi gaba, zan biyo ku da yarinyar a ƙafa," in ji yayar.

A ramin farko Amarya ta ƙwalla ƙarar da bai taɓa jin irinta ba. Bayan babur ɗin ya cilla ta sama ya cafe, kamar an buga ta da ƙasa. Da tsofaffin sifirin ne da lilo za su yi da ita. Sau nawa ta yi gyangyaɗi a bayansa a kan wannan hanya? Ya rage gudu har kamar mai tafiya a ƙafa, amma kowace tsakuwa sai ta isa cikinta. Ya waiga, ya ga jan tabo yana faɗaɗa a katifa. In ya yi gudu ya kashe ta, in ya yi sannu jini ya ƙare.

Sai maganar bakanike ta faɗo masa.

A kwanar gaba tulin duwatsunsa yake, waɗanda ya yi wata bakwai yana tarawa. Ya tsaya, ya shiga ɗauka da gudu yana jerawa a gefen katifar da wajen ƙafafunta, yana tokare su da tsumma. Farcensa ya fashe bai ji ba.

"Na ɗakina ne?" ta tambaya, murya can ƙasa. "Su ma asibitin za su?"

"Rakiya za su yi miki, Amarya."

"Oh ni. Ashe sai da dutse nake cika mutum." Ta yi ɗan murmushi. "Kar ka fasa mai faɗin nan. Na ƙasan taga ne."

"Shi na fi lallaɓawa."

Da ya ɗora na goma sha huɗu, ya ga bayan babur ɗin ya sauka a hankali. Ya tayar. Rami ya zo, ƙarfen ya lanƙwasa ya haɗiye shi.

"Yanzu kam ya yi laushi," in ji ta.

Daɗi ya kama shi har hawaye. Ya ƙara wuta. Babu ƙara, babu nishi. Ya riƙa ba ta labari da ƙarfi saboda iska: tagar gabas za ta kalla, zai sa mata labule shuɗi, yarinyar za ta riƙa leƙe tana jiran dawowarsa. Da bai ji amsa ba, sai ya ce a ransa barci ya ɗauke ta kamar da, ya sa wa bakanike albarka.

A ƙofar asibiti wata nas ta fito da gadon turawa. Ta kama wuyan hannun Amarya, ta taɓa gefen wuyanta, ta daɗe. Sannan ta saki gadon, ta kira likita. Likitan bai daɗe ba shi. Ya ja mayafin ya rufe mata fuska.

"Sai haƙuri, malam. Ta ɗan jima."

Mai Dutse ya tsaya riƙe da kan babur ɗin, injin yana ta kaɗawa, ya manta yadda ake kashe shi. Maigadin asibitin, wani dattijo, ya zo ya murɗa makullin, ya yi masa ta'aziyya, ya tsaya tare da shi har aka gama rubuce-rubuce aka ce zai iya kai ta gida.

"Ɗana, bari in taya ka sauke duwatsun nan, ta samu wuri."

Har ya kai hannu kan mai faɗin. Mai Dutse ya riƙe masa hannu.

"Bar su, Baba. Hanyar akwai gargada."