Bangon da Babu Suna

Ƙanwar ce mai maɗaba'ar. Yayan kuma malamin adabi ne a jami'a, irin waɗanda ko sannu ka yi musu sai sun kawo maka misali daga littafi. Shekara tara yana rubuta nasa littafin, washegari kuma zai miƙa shi ga kwamitin da zai ba shi farfesa. Ita ya ba aikin bugawa, kwafi ɗari biyar.

Ta karɓa ne tana cike da haushinsa. Lokacin da mahaifiyarsu ke ciwon ajali yana can wani gidan kaɗaici a kan dutse, wai neman wayewar ruhi. Ta aika masa ya dawo, ya aiko mata cewa ƙulafucin mutane shi ne tushen wahala. Ita kaɗai ta yi jinyar.

Wajen shirya shafuka ta karance littafin tas. Wai jarumin labaran ƙasashen Yamma kullum neman kansa yake, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya kafa suna. Na Gabas kuwa sauke kansa yake kamar kaya, har ya manta da yadda ake kiransa. Babin ƙarshe shafi talatin ne cur na yabon wanda ya goge sunansa. Ta ja tsaki ta ci gaba da aiki.

Da hantsi ya shigo, ya tsallake tarin ɓarɓashin takarda, ya farke kwalin da ke bakin ƙofa. Ya zaro littafi ɗaya, ya juya shi gaba, ya juya baya, ya buɗe shafin farko. Ko'ina babu sunan marubuci.

"Ke! Ina sunana?"

"Au, Yaya, ashe kana so? Na ɗauka ka sauke shi."

"Kada ki raina mini hankali! Wancan nazari ne. Wane kwamiti ne zai karɓi littafi ba suna?"

"Sai ka ce musu kai na Gabas ne."

Ya maka littafin a kan injin yankan takarda, har ma'aikata suka tsayar da aiki. Mutumin da ya shekara ashirin yana koyar da natsuwa ya wanke ta tas, ya kira ta jahila, 'yar baƙin ciki. Da farko daɗi ta ji, sai kuma daɗin ya gushe, don ba zagi take jira ba. So take ya ambaci Mama ko sau ɗaya.

"Shekara tara!" in ji shi. "Kin san zafin a nemi sunan mutum a rasa?"

Ta nuna masa sauran kwalayen da ke jingine da bango. "Wannan kwalin ne kawai. Waɗancan duk da sunanka, da manyan baƙaƙe. Kwashe ka tafi."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya sunkuya zai ɗauka.

"Kwana goma sha ɗaya Mama tana kiran sunan nan," ta ce. "Ni nake ƙara kaurin murya ina amsa mata."