Layi Biyu a Ɗakin Gilashi

Mai aski bai taɓa rasa abin faɗa ba sai da matarsa ta kwanta a ɗakin gilashi, inda ake ajiye waɗanda jikinsu ya yi tsanani. Mutumin da kan riƙe kanka ya cika maka kunne da surutu har ka manta aski ka zo, yanzu sai dai ya jingina da taga ya yi jugum, yana kallon injin da ke hura mata numfashi.

Aikin hanji aka yi mata, aka ce ya yi kyau. Ana shirin zare mata bututun maƙogwaro ke nan zazzaɓi ya taso, huhu ya cika da majina. Likitar, wata doguwa mai sanyin magana, ba ta ɓoye masa ba: a nan asibitin ta kwashi cutar, irin wadda kan bi bututu ta sauka ƙirji. Ai kuwa ya harzuƙa. Ya kawo mutuniyarsa da ciwo ɗaya, shi ne aka yi mata gyara da wani? Ya yi ta faɗa har ya gaji, ita kuma ta bar shi ya gama, domin gaskiyarsa ce.

Sannan ta zaunar da shi ta yi masa dalla-dalla. Maganin da ake zuba mata bai ko girgiza zazzaɓin ba. Akwai wani mai ƙarfi, amma yana cin ƙoda, ƙodarta kuwa ta riga ta gaji, ba a zuba shi a kan tsammani. Kafin ɗakin gwaji ya raini ƙwayar cutar a ga maganin da ke kashe ta, sai an yi kwanaki. Ba ta ce matar ba za ta kai ba. Shi dai ya gane.

Da hantsi sai ga ma'aikacin ɗakin gwaji ya hawo da kansa yana haki, da wani farin tsinken roba a cikin leda. Ya ajiye a teburin nas, likita ta duƙa a kai. Mai aski ya leƙa. Layi biyu ja! Uban 'ya'ya ne shi, ya san wannan abin sarai.

"Sista, wannan wane irin wulaƙanci ne? Mai jikoki za ku yi wa gwajin ciki tana kwance rai a hannun Allah?"

Nas ɗin ta toshe baki, dariya ta ƙi toshuwa. "Haba Baba, ba ciki ba ne. Ƙwayar ce muka kama."

Ta nuna masa da bakin biro. A jikin tsinken an shafa irin sojojin nan da jinin mutum ke ƙerawa don kama cuta, kowanne alama ɗaya tak ya sani. In majinar ta bi ta kansu suka ga tasu, sai su cafke ta, layi ya fito, kamar dai yadda shi yake gane mutanensa ta ƙeya tun ba su juyo ba. Layin ya nuna ƙwayar na da makamin da take lalata maganin farko da shi. Yanzu an san mai ƙarfin nan za a ba ta, ba lalube.

Kunya ta rufe shi. Ya juya zai ba wa mai gwajin haƙuri, ashe tuni ya sauka, wasu majinun na jiransa.

Ba a tsaya wata-wata ba aka sauya ledar ruwan maganin. Sauƙin bai zo da gudu ba, wallahi ya ja masa rai. Amma zazzaɓin ya yi ta sauka, ƙodar ta daure. Mai aski kuwa ya zama abin tsokana a sashen, don ba wanda bai yi wa godiya ba: likita, nas, mai shara, har wani baƙo da ya zo duba ɗan'uwansa. Ya sauka ɗakin gwaji ya tsaya a 'yar tagar karɓar kwalabe, ya yi wa mutumin addu'a har na bayansa suka fara tsaki.

Ranar da aka zare bututun, Sista ta sa masa riga da takunkumi, ta sa ya wanke hannu har gwiwar hannu, ta shigar da shi. Ya tanadi magana cike da baki, amma maganar ta gudu. Matar ta daɗe tana kallonsa, ta ga sumar da ta yi buzu-buzu da gemun da ya ɓullo ta gefen takunkumi. Muryarta a dishe, sai da ya sunkuya sannan ya ji.

"Malam, wa ya bar ka haka? Kamar ba ka da kowa."

Ya buɗe baki zai ce ai yana da ita, kuka ya riga shi.