Takin Dakta Ilisha

Kanar, gwamnan soja na jihar, ya sa haƙori ya ɓare raken, ruwa ya gangaro masa har kan kaki. Duk jama'ar filin baje kolin amfanin gona na Maƙarfi suka zuba masa ido.

"Na waye wannan?"

Dakta Ilisha ya matso yana gyara hula. Malamin kimiyya ne a jami'a, amma tun da tsuke bakin aljihu ya cinye albashi ya koma noman rake a Dandamisa. Ɗakin bincikensa kuwa an rufe shi, don gwamnati ta ce ba ta da kuɗin abin da ba ya cika ciki.

"Wane taki kake sa masa?"

Kafin ya buɗe baki, Ja'afaru malamin gona, abokinsa tun firamare, ya riga shi. "Ranka ya daɗe, kwantum ne. Shi yake bincike a kai."

Ilisha ya taka masa ƙafa. Ja'afaru ko gezau.

"A ina ake sayo shi?" Kanar ya tambaya.

Ilisha ya tuna na'urorinsa da gizo-gizo ya yi wa saƙa. "Ba a sayo shi, yallaɓai. Ƙwayoyin haske ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Wata rana za a aika saƙo da su, ba mai iya satar ji. Sai dai binciken na cin lokaci."

"Ga zaƙi, ga sirri," in ji Kanar, ya juya ga mataimakinsa. "A buɗe masa ɗakin gobe. A ba shi janareta."

A hanyar gida Ilisha ya ce wa Ja'afaru, "Ka kashe ni. Kashin shanu ne fa daga rugar Kurmin Kogi."

"Ƙarya ka yi masa?"

"A'a."

"To, ci gaba da tuƙi."

Washegari da safe matar Ilisha, Veronica, ta leƙo tana danne dariya. "Dakta, ka yi baƙi."

Manoma ne cike da ƙofar gida, har daga Kudan, kowa da buhunsa. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗa musu gaskiya tiryan-tiryan, shanun da hasken duka. Suka saurara cikin ladabi.

Wani dattijo ya naɗe buhunsa, ya matso, ya rage murya.

"Mun gane, Dakta, abin gwamnati ne. In ya nuna, ka fara da ni."