Kututturen Ayaba a Kabarin Kalorib

Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya tsaya can bayan duwatsu, fari fat, ya fi cocin tsibirin tsayi, ya shiga amayo baƙi cikin ƙananan jirage. Leimara ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta jera kwakwa, ta ɗora adda a cinya.

"Yau ma rawar kakanni za a yi musu," in ji Toumelu, matar ƙaninta, tana soka fure a kunne.

"Kakannin wa? Bara wancan faston ya ƙirƙiro ta."

"Yaya, bakinki zai kore mana ciniki."

Leimara ta juya wajen teku. Idonta na kan wani ma'aikacin jirgi mai farar riga, tsaye cikin ruwa iya gwiwa, yana miƙa akwatunan ƙanƙara zuwa gaɓa. Abokan aikinsa duk sun hau rairayi, shi bai hau ba. Kafaɗarsa ta hagu a karkace take, irin ta ɗanta Kalorib, wanda ya fita kamun kifi shekarun baya, kwalekwalensa ya dawo ba kowa.

A tsibirin nan, in teku ta riƙe gawa, kututturen ayaba ake sarewa, a naɗe a tabarmar mutum, a binne da sunansa. Daga ranar ya mutu, ko da ya dawo da ƙafarsa. Ba a kiran sunansa, ba a ba shi ruwa a doron ƙasa, wai abin da teku ta mayar ba mutum ba ne. Leimara ta daɗe tana cewa tsoro ne kawai aka yi wa ado. Amma da hannunta ta naɗe kututturen.

Toumelu ta bi idonta, ta ƙame. Ta damƙe mata zane.

"Zauna, Yaya. Mun binne shi. Kina wurin."

"Ayaba na binne."

"In kika ba shi ruwa, wa zai ƙara cin abincin hannunki?"

Leimara ta fille kan kwakwa da sara ɗaya.

"A doron ƙasa suka ce. Ban ji sun ambaci cikin teku ba."

Ta ratsa baƙin da ke ɗaukar masu rawa hoto, ta shiga teku da zanenta. Mutumin ya juyo. Fuskar ta yi ƙiba, gashin ya soma furfura, idon kuwa nasa ne, ko kuma ita ce ke son ya zama nasa.

"Kalorib."

Ta miƙa masa kwakwar. Ya karɓa da hannu biyu, ya fara zuba wa teku kaɗan, yadda masuntan tsibirin kaɗai ke yi, sannan ya shanye. Ta kama wuyan hannunsa. Sanyi ƙalau. Ƙanƙara ce, ta gaya wa kanta, tun ɗazu ƙanƙara yake ɗauka. Ta ƙara matsawa tana neman bugun jini, igiyar ruwa tana jijjiga su, ta kasa tantancewa.

Wani ya daka masa kira da wani suna daban. Ya zare hannunsa a hankali, ya hau ƙaramin jirgin, ƙoƙon kwakwar na hannunsa.

Da ta fito, zane na ɗiga, ta tarar Toumelu ta ja tabarmarta zuwa wata inuwa.

"Toumelu, miƙo min addata."

Toumelu ta ci gaba da jera kwakwa, idonta a ƙasa, kamar iska ce ta wuce.