Cibiyar Jirgin Daeng Sikki

"Ku sauke ni, 'yan banza! Ni buhun shinkafa ne?"

Samarin suka dire Daeng Sikki a tabarmarsa suna ƙyaƙyata dariya. Rannu, maƙwabciyarsa mai shanyar kifi, ta leƙo ta katanga.

"Haba Daeng, ka bari su kai ka mana. Jirgi na can bakin ruwa yana jiranka."

"Ya yi ta jira. Sau ɗaya za a ɗauke ni a kafaɗa, ranar kuwa ba mai jin musuna."

Taurin kan tsohon nan ba baƙo ba ne a tsibirin. Tun da nutso ya shanye masa ƙafafu ya koma sassaƙa jirage a kan keken guragu, kuma a nan ba a tura sabon jirgi teku sai masassaƙinsa ya huda masa cibiya da hannunsa. To ga jirgin ɗansa ya kammala, ga tsohon kullum ƙara ramewa yake, ga keke iskar gishiri ta cinye, ƙafafun keken sun kafe ƙam. Mai gyara kuwa, Ambo Tuwo, yana can babban gari, wuni guda a ruwa, kuma man jirgi ba da "don Allah" ake sayensa ba.

Rannu ta ji tsoro, ba ƙarami ba, kada mutumin nan ya tafi da abin a ransa. Sai ta kai kwando bakin gaɓa ta zauna. Duk kwalekwalen da ya dawo, ya jefa kifi ɗaya na kuɗin ɗauko mai gyaran keke. Ita ke feɗewa, ta shanya, ta sayar, bakinta kuma ba ya hutawa.

"Kai Baso, wannan kifi ne ko jikan kifi? Koma ka zaɓo babba!"

Sannu ba ta hana zuwa. Wata safiya Ambo Tuwo ya sauka da akwatin kayan aikinsa, sai ga kekuna suna fitowa daga gidaje, na tsofaffin masu nutso da rabon a gan su waje tun damina. Gindin bishiyar kwakwa ya koma kasuwa, ana shayi ana tsokanar juna.

"Daeng, a cikin teku kake kwana da keken nan?" in ji Ambo Tuwo.

"Gyara na kira ka, ba wa'azi ba."

Bayan la'asar Daeng Sikki ya murza kekensa da kansa ya nufi gaɓa, sauran kekunan na biye da shi kamar rakiyar ango. Rannu ta kai hannu za ta tura, ya buge hannun. Sai da ya huta a hanya, yana haki yana dariya, amma ya isa. Ya yi bisimilla ya kafa mahuji a gindin jirgi, ɗansa ya tari garin katakon a kwalbar man kwakwa, yadda aka saba. Da jirgin ya hau ruwa mata suka rangaɗa guɗa, tsohon ya ce, "Wa ya ce na tsufa?"

Washegari da hantsi, yana jingine a ƙofar gida da kofin shayi a gefensa, rai ya yi halinsa.

Samarin nan dai su suka ɗauke shi a kafaɗa. Da suka zo wucewa Rannu ta ce a hankali, "Yau ka yi shiru ke nan, Daeng." Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na biye.

Kwandon bai bar gaɓa ba, don gishiri bai daina cin ƙarfe ba. Keken kuwa wani maƙwabci zai karɓa, sai Rannu ta wanke shi da ruwan rijiya ta kwantar kusa da shanyar kifi ya bushe. Iskar teku ta taso tana juya ƙafarsa ɗaya a hankali, ko ƙara ba ta yi.