Allunan Kalilu

Maharazu maƙeri yana tsaka da liƙe gindin wata garwa Adama ta leƙo ta katanga ta ce mijinta Kalilu na kiran sa. Bai yi sauri ba. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka da Kalilu a bayan tashar Jibiya, kuma bai taɓa ɗaukar mutumin a bakin komai ba. Wai mai sana'a! Mutumin da ya yi ɗan zama a wani kamfanin roba a Kano, ya dawo yana bin bola yana tsintar fasassun jarkokin da 'yan fasa-ƙwaurin fetur ke yarwa a hanyar Maraɗi.

Tun shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kuɗi ke yawo a garin, har masu turin kura sun sayi rediyo, shi kuwa Kalilu yana tsugune a bayan gida yana narka roba a rabin ganga. Ya kankare tsatsa daga tsofaffin ƙarafan mota, ya niƙa, ya tankaɗe da ɗankwalin matarsa, ya zuba a cikin narkakkiyar robar yana juyawa. A cewarsa, in garin tsatsar ya yi laushi kamar kwalli, yakan shiga jikin roba ya ba ta ƙarfi, rana ma ba ta cin ta. In kuwa da tsakuwa-tsakuwa, ko ya dunƙule wuri ɗaya, nan za ta tsage. Duk unguwa an haddace wannan karatu, ba wanda ya taɓa sayen ko murfin tulu a wurinsa. Abin da ya samu kawai hayaƙi ne, ya cinye masa ƙirji.

Maharazu ya same shi a kan tabarma, ya zama ƙashi da fata. A jikin bango an jingine wasu allunan roba biyar jajaye-jajaye, masu kaurin tafin hannu.

"Maƙwabci," in ji Kalilu, numfashi na sarƙe shi, "in an sa ni rami, kada a ruhe ni da tukwane. Waɗanga nika so. Na auna, biyar sun isa. Kai na ba amana."

Maharazu ya dubi allunan, ya dubi Adama da ke bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. Dariya ta taso masa, ya haɗiye. Ko a kabari ma sai mutumin nan ya kai shirmensa. Amma wa zai ce a'a ga mai jan rai? Ya ce to, Allah ya ba da lafiya, ya fito yana kaɗe riga saboda warin roba.

Washegari da hantsi Kalilu ya cika.

Jama'a ba ta taru sosai ba, ranar kasuwa ce, manyan motoci sun yi layi a bakin kwastan, kowa na gabansa. Waɗanda suka zo suka sallace shi, aka ɗauki makara. Maharazu ya ɗora allunan a kan jaki ya bi baya can nesa, yana jin kunya kamar shi ya yi su. A maƙabarta kuwa masu haƙa sun riga sun fasa tukwane sun jera a gefe, yadda aka saba, don rufe ƙaramin ramin ciki kafin a tura ƙasa.

Da ya sauke kayan ya faɗi wasiyyar, sai aka fara kallon-kallo. Wani direba ya toshe baki da hula. Wani ya ce a hankali, ashe jarka za a binne. Liman Ummaru, tsoho marar son hayaniya, ya shafa allo ɗaya ya shinshina, ya ce shi bai san abin da ya hana ba, muddin abin na da tsarki kuma zai ɗauki nauyin ƙasa. Sai dai a gwada, kada ya rufta wa bawan Allah.

Wannan ta yi wa Maharazu daɗi. Mutum ne mai jiki, ya san ƙarfe, ya san abin da ba ƙarfe ba. In ya taka ya karye, ya fita daga amana, ba wanda zai ce ya ƙi. Ya gitta allon a kan duwatsu biyu, ya tattare riga, ya hau.

Allon ya ɗan lanƙwasa kaɗan, ya tsaya.

"Ya isa," in ji Liman. "Ya ɗauka. Ku miƙo."

Da ya sauka a nan, da shi ke nan. Amma direban nan ya yi wata 'yar dariya, kuma Maharazu ya ji sarai ba da mamaci ake ba yanzu. Haushi ya turnuƙe shi. Tarkacen bola da tsatsa, su ɗauke shi, shi da ya tsufa a bakin maƙera? Ya daka tsalle ya dira da ƙafa biyu. Allon ya ƙi. Ya sake, da dukkan ƙarfinsa, ya auna tsakiya da diddige. Sai ji aka yi ƙas, allon ya rabe biyu, Maharazu ya zube a rairayi.

Ba wanda ya yi dariya. Liman bai ko dube shi ba, ya ce a sa mamaci, rana na yi.

Aka kwantar da Kalilu a gefensa na dama. Aka fara jera allunan daga wajen ƙafafu, suna zama daram, baki da baki, ba ko kafar da za a cusa laka. Na huɗu ya tsaya daidai kafaɗa. Mai haƙa ya miƙo hannu daga cikin ramin yana jiran na biyar, bai ɗago kai ba.

Maharazu ya tsaya da gutsure biyu a hannu, ya haɗa bakinsu, suka sake rabuwa. Ya ajiye su. Ya je gefe ya zaɓo gindin wata tsohuwar tukunya mai baƙin hayaƙi, ya durƙusa, ya kifa ta da hannunsa a kan farin likkafanin da ya rage a buɗe.